Sunan Malam Ilu a Bangon Ikko

Ranar Litinin da hantsi labarin ya same ni, a karar shanu ta Agege a nan Ikko, ina tsaye gefen wata babbar mota da ta kwaso shanu daga kasuwar Juma'a ta Wudil. Duk bayan mako biyu nakan je can in ga Ɗanliti direba, domin shi ke kai wa mahaifiyata saƙona, shi ke kawo mini labarin gida. Muka gaisa kamar kullum. Na tambayi hanya, na tambayi gajiya, na tambayi Inna, na tambayi ruwan kogi ko ya fara sauka. Ya amsa duka, amma idonsa na kan shanun da ake saukewa. Sai da na juya zan tafi ya ce, "Malam Sabo, sai haƙuri fa. Malam Ilu ya riga mu."

Na ce, "Wane Ilu?"

Ya ce, "Ilu nawa ka sani? Naku mana, mai zayyana. Ran Laraba aka kai shi. Kwana huɗu kawai ya yi yana fama da ƙirji."

Na yi salati kamar yadda kowane Musulmi zai yi. Amma tunda na zauna rubuta wannan da niyyar faɗin gaskiya, bari in faɗe ta daga farko: abin da ya fara taso mini haushi ne. Shekara tara ina tsara maganar da zan gaya masa ranar da muka haɗu, ina gyara ta, ina ƙara mata, sai ga shi ya tafi bai tsaya ya ji ba. Baƙin cikin daga baya ya zo, kuma har yau bai tafi ba.

Mutanen Wudil da Darki da Ɗankaza ba sa bukatar a gaya musu wane ne Malam Ilu. Don sauran masu karatu nake bayani. Magini ne, amma ba da ɗora tubali ya yi suna ba. Shi ne mai yi wa fuskar zaure ado da laka tun tana ɗanya, ya ja layuka da yatsa, ya shafe da ruwan makuba har bangon ya yi duhu yana sheƙi. Maigida ɗaya ya koya mana sana'ar, ni da shi. Ya girme ni da shekara shida, Yaya nake ce masa. Na rubuta wannan ne saboda sunansa, domin a watan da ya wuce an nemi a shafe sunan nan daga wani aiki a nan Ikko, kuma kafin su, ni kaina na shafe shi sau uku.

Yatsansa manuni na dama karkatacce ne. Tun yana saurayi ya faɗo daga kan soro, aka yi ɗori, ya warke a lanƙwashe. Wani zai ɗauki wannan nakasa, shi kuwa da shi ya ci abinci. In ya ja layi da manuni da na tsakiya, gefe ɗaya ya nutse, gefe ɗaya ya taso, sai inuwa ta kwanta a cikin layin. Da safe bangon na da fuska ɗaya, da la'asar wata daban. Ba ya zana komai a takarda. Yakan zauna gaban bango a kan tabarma, ya ɓare goro, ya yi ta kallo har mai gida ya fara tsaki. In an yi magana ya ce, "Ku bar ni in ga inda bangon zai karɓi layi." In ya tashi kuwa ba ya tsayawa sai salla, domin a cewarsa laka muddin ta fara shan iska ta daina jin magana.

Yana da wata al'ada da ban ga wani magini da ita ba. Kafin ya fara, sai ya aika cikin gida a tambayi uwargida wani abu da ya fashe a gidan: tangaran, ko madubi, ko ɓarin ƙwarya. Shi zai dasa a tsakiyar dagi, wato ƙullin nan mai zagaye-zagaye da ake yi saman ƙofa. Ba ya karɓar sabo, ba ya karɓar na maƙwabta. Wani attajiri a Darki ya taɓa sayo masa sababbin faranti dozin guda daga Kano, ya ce a fasa a saka. Malam Ilu ya ce, "Alhaji, a ci tuwo a cikinsu tukuna. In ɗaya ya fashe da kansa a aiko mini." Sai da aka jira wata biyu, ramin na nan buɗe a saman ƙofa.

Ba ya rubuta sunansa a aiki. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Sunana me zai yi a bango? Duk wanda ya wuce ya san hannuna." A Wudil gaskiya ya faɗa.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kuma ba zan mai da shi mai sauƙi don ya rasu ba. Yana da taurin kai, yana da kaifin harshe, yabo kuwa sai ka shekara ba ka ji ya fito daga bakinsa ba. Lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, kowa ya koma siminti da bulo da kwanon rufi, abokan sana'armu suka ajiye laka suka bi 'yan kwangila. Shi ya ƙi. Ya ce siminti ba ya barin yatsa ya shiga. Iyalinsa sun sha wahalar wannan taurin kai, wannan ma gaskiya ce.

Abin da ya raba mu ya faru ne a Ɗankaza, a zauren wani dillalin shanu da ya dawo daga aikin hajji yana son a gama kafin walima. Yaya Ilu ya tafi Darki jana'iza, ya bar ni da aikin. Na taɓa zama wata uku a Kano wurin masu rubuta allon shaguna, na ga yadda suke yanke siffa a kwali su ɗora su bi. Na ce me zai hana? Na zana dagin Yaya a kwali, na yanke, na ɗora a laka na bi da wuƙa. Aikin kwana huɗu na gama shi a yini ɗaya. Mai gida ya yi murna, maƙwabta suka taru suna kallo, ni kuma ina tsaye ina jiran Yaya ya dawo ya gani.

Ya dawo washegari da hantsi a kan kekensa. Ya jingine keken, ya tsaya ya kalli bangon. Ya nemi aron fartanya wurin wani manomi da ke cikin masu kallo, ya hau tsani.

Na ce, "Yaya, me za ka yi?"

Ya ce, "Abin da kake gani."

Na ce, "Ai mai gida ya yaba."

Ya ce, "Mai gida shanu ya sani."

Mutane suka yi dariya, har da mai gidan. Ya kankare aikin nan tas, daga sama har ƙasa, lakar tana zubowa kusa da ƙafata. Da ya sauko ya ce, "Kusurwa huɗu duk iri ɗaya, kamar an buga hatimin ofis. Wannan ba namu ba ne." Na ce masa duniya ta canza, wanda bai yi sauri ba za a bar shi a baya. Ya kaɗe hannunsa ya ce, "In sauri kake yi, Sabo, tasha tana nan bakin gada."

Kwana uku bayan haka na hau mota.

Na daɗe ina auna ranar nan, ga abin da na tsaya a kai. A kan bangon, shi ke da gaskiya. Aikina ba shi da rai, na sani tun kafin ya ɗauki fartanya. A kaina kuwa bai kyauta ba. Da ya ja ni bayan zaure ya faɗa mini, da ni da hannuna zan kankare. Ina da shekara talatin a lokacin, ina da mata, ya mai da ni abin dariyar 'yan kallo. Na yafe masa yanzu, amma ba zan ce bai yi ba.

A Ikko na samu aiki a wani kamfanin gine-gine, sashen ado. Gari ne da ake gini dare da rana, kowane babban mutum yana son a sa masa wani abu na Arewa a falo. Sau uku na yi dagin Yaya Ilu da siminti da fenti: a wani ofishi, a gidan wani ɗan kasuwa, da wani zauren taro. Daginsa ba irin na kowa ba ne, yana da wutsiya da ke fita ta hagu ta gangara ƙasa. Sau uku aka ce Sabo ne ya ƙirƙiro, sau uku na yi shiru. Har hotona aka buga a jarida ina tsaye gaban ɗaya. Daga baya Ɗanliti ya gaya mini jaridar ta kai Wudil, mai tsire ya naɗe wa wani nama da ita, aka kai wa Malam Ilu. Na tambaye shi me ya ce. Ɗanliti ya ce ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wutsiyar ta yi gajere." Ya miƙa takardar ya ci gaba da aikinsa.

Akwai abin da ban sani ba sai bayan rasuwarsa. Gidan mahaifiyata na ƙasa ne, kuma duk shekarun nan ban taɓa jin an ce bango ya zube ba. Na ɗauka sa'a ce. Ashe duk shekara kafin ruwan farko Yaya Ilu kan zo da lakarsa a kan jaki, ya sake yaɓe, ya gyara indararo, ya sha ruwa ya tafi. Ya hana Inna ta gaya mini. Ya ce mata, "In ya ji zai ce neman sulhu nake yi." Shekara tara. Ni ina nan ina tsara masa baƙar magana.

Lokacin da labarin rasuwar ya zo, akwai aiki a hannuna. Kamfaninmu na gama wani babban otal, an ba ni in yi allon ado mai faɗin taku shida da za a kafa a falon shiga. Na nemi hutun zuwa ta'aziyya, aka ce sai bayan buɗe otal. Ban matsa ba, domin a gaskiya kunyar zuwan nake ji. Sai na ƙudura cewa allon nan ba da siminti zan yi shi ba. Zan yi shi yadda Yaya zai yi, da kayan da ya sani, in haɗa da abin da ni ma na koya a nan.

Ɗanliti ya kawo mini buhu huɗu na ƙasar bakin kogin Wudil a ƙarƙashin ƙafafun shanu, da ɓawon ɗorawa na makuba, da guntayen jar fata daga wurin dukawa, da fasassun ƙore. Saura abu ɗaya. Bisa al'adarsa, dole tsakiyar dagin ta fito daga gidan wanda aka yi wa aikin. Aikin kuwa, a wurina, na Yaya Ilu ne. Na aika wa matarsa, Yaya Hajara, tana cikin takaba, ina roƙon wani abu da ya fashe a gidan.

Mako biyu ina jira. Da Ɗanliti ya dawo ya miƙo mini ƙullin tsumma, ya ce, "Akwai saƙon baki, amma ni ɗan aike ne, kada ka huce a kaina."

Na ce, "Faɗi."

"Ta ce in gaya maka, mutumin da bai zo ba mai gidan na da rai, bai zo ba da ya mutu, shi ne yake aiken neman fasasshen kwano. Ta ce amma ga shi, ba don kai ba."

Na kwance. Rabin farantin tangaran ne mai shuɗin baki. Na san shi. A ciki muke cin ɗanwake ni da shi kafin mu fita aiki.

Lakar Wudil ba ta son iskar Ikko. A gida yini biyu ta bushe. A nan ta yi kwana shida tana gumi, ta fara fumfuna, na kankare. Karo na biyu na kunna mata gawayi a kusa, ta tsage gida uku. Karo na uku na buga ƙusoshi a katakon allon, na saƙa igiyar rama a tsakaninsu don lakar ta sami abin kamawa, na sa fanka biyu. Ta zauna. Amma layin ya ƙi fitowa irin nasa. Nawa a miƙe yake, gefe da gefe daidai, ba inuwa. Na yi ta ja ina shafewa har na gane matsalar a yatsana take. Na lanƙwashe manunina, na ɗaure shi da tsumma tamau, na ja. Sai ga layin Yaya Ilu a gabana, gefe ɗaya a nutse, gefe ɗaya a tashe. Na zauna a ƙasa na daɗe ban iya ci gaba ba. Yini biyu na yi aiki da yatsa a ɗaure, ya kumbura har na kasa riƙe cokali. Na jera fatar a gefuna, na dasa ɓarin ƙoren kamar taurari, na bi wasu layukan da shuɗin fenti irin na jikin motoci, wanda shi ba zai taɓa yarda da shi ba, amma nan ne nawa hannun. Wutsiyar na ja ta har ƙasa. Farantin ya shiga tsakiya.

Tun lakar na ɗanya, a ƙasa ta dama inda masu zane ke sa hannu, na rubuta da ajami da boko: Salon Malam Ilu na Wudil. Ban sa nawa ba.

Mai kula da aikin otal ɗin, Injiniya Mamuda, ɗan Kano ne da ya yi karatu a Ingila. Ba mugu ba ne, kuma shi ya ɗauke ni aiki lokacin da ba ni da kowa a garin nan. Ya zo dubawa saura kwana biyar a buɗe. Ya yaba ƙwarai, har ya cire tabarau ya matsa kusa. Sannan idonsa ya sauka ƙasa.

"Malam Sabo, wane ne wannan?"

"Wanda ya ƙirƙiro zanen, yallaɓai. Ya rasu watan jiya."

"Allah ya jiƙansa. Amma ka san an riga an buga farantin tagulla mai ɗauke da bayanin aikin. Fasahar gargajiya ta Arewa, aikin kamfaninmu. Haka masu otal suka amince."

"A sa tagullar, yallaɓai. Wannan ba ya hana wancan."

"Yana hanawa. Gobe wani ya zo ya ce shi ɗansa ne, a ba shi haƙƙi, wa zai amsa? Kuma irin wannan zanen ai na kowa ne. Kakanninmu duk sun yi."

"Kakanninmu sun yi dagi. Wannan dagin mutum ɗaya ya yi shi, na san yatsan da ya yi shi."

Ya mai da tabarau. Ya ce, "To waɗancan ukun da ka yi mana a baya fa? Na tuna har a jarida an ce naka ne."

Ban taɓa jin tambaya ta yi mini nauyi haka ba. Leburori sun daina aiki suna saurare. Na ce, "Nasa ne su ma. Ƙarya na yi."

Ya rage murya. "Sabo, kana da iyali. Ka sa ɗan siminti ka shafe layi biyun nan, a wuce wurin. Na ba ka zuwa Alhamis. In ba haka ba, ba ni da yadda zan kare ka."

Kwana ukun nan ban ji daɗin abinci ba. Matata ta ce mini mamaci ba ya bukatar suna a otal, addu'a yake bukata, kuma 'ya'yanmu na makaranta. Ban iya ce mata ta yi kuskure ba. Shi kansa Yaya Ilu, da za a tambaye shi, cewa zai yi a shafe, tunda bai taɓa sa sunansa a bango ba. Ranar Laraba har na kwaɓa simintin a kwano, na durƙusa gaban allon. Na tuna cewa a Wudil duk mai wucewa ya san hannunsa, amma a garin nan mutum ɗaya ne ya san shi, kuma mutumin ya riga ya ɓoye shi sau uku. Na bar simintin ya daskare a kwanon.

Ranar Alhamis aka ba ni takardar sallama. Sun sa wani ya gwada kankare rubutun, makubar ta riga ta kama, gefen ya fara tsagewa, suka ji tsoro suka bari. Babu lokacin yin wani allon. Aka kafa shi yadda yake, aka manna tagullarsu a sama, aka jawo wata doguwar kujera aka tokare ƙasan. Duk baƙon da ya shiga otal ɗin yau zai ga dagin da farantin tangaran, ba zai ga sunan ba.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, na yi asarar aiki a kan rubutun da ke bayan kujera. Shekaranjiya na koma karɓar sauran kayan aikina, sai wani dattijo cikin masu gadi ya tare ni a ƙofa. Mutumin Darki ne, ban taɓa saninsa ba. Ya ce kullum da safe masu shara kan ja kujerar su goge ƙasa, ran nan yana tsaye ya hango ajami, ya sunkuya ya karanta.

Ya ce, "Ilu dai mai karkataccen yatsa? Shi ya yi wa yayana zaure. Ni tun daga ƙofa na ce wannan hannun na san shi. Ashe ya rasu?"

Na ce ya rasu. Muka tsaya nan bakin ƙofar otal, motoci na shiga suna fita, muka ɗaga hannu muka yi masa fatiha. Ya ce zai gaya wa sauran 'yan gida da ke gadi a unguwar su zo da safe, kafin a mai da kujera.

Yaya Hajara, saƙonki ya iso kuma na cancance shi. Yanzu ba ni da uzurin aiki. In Allah ya yarda zan biyo motar Ɗanliti in zo in durƙusa a ƙofar ɗakinki in yi ta'aziyya da bakina, ki faɗa mini sauran.

Ya Allah, bawanka Iliyasu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sanya duk bangon da ya tsare wa marasa ƙarfi daga ruwan sama a cikin mizaninsa. Abin da ya yi mini na yafe, duniya da lahira. Abin da na yi masa, ya Allah, ka sa ya yafe mini. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri, ka zama gatansu. Mu da muka saura, na gida da na nesa, ka sa mu cika da imani. Amin.